Ciwon Ido na Gaggawa: Abin da Asibitoci ke Gani da Matakan Ceton Gani

Ma'aikatan asibitocin ido, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, ko sassan ido na asibitocin koyarwa, sun san cewa masu zuwa da ciwon gaggawa ba barkatai suke zuwa ba. Kowane lokaci da irin mutanensa. Da kaka manoma ne, wanda kan gero ya shafa wa ido wajen girbi, da matar da ƙaiƙayi ya faɗa wa wajen shiƙa. Kwanakin Sallah na yara ne, saboda bindigar wasa mai harsashin roba da abin fashewar nan da suke kunnawa. Masu walda da kanikawa da magina da masu faskare kuwa ba su da lokaci, duk shekara suna tafe. A ɓangaren rauni maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba, kuma akasarinsu yara ne da matasa masu neman na kai.

Abin da ya fi yanke hukuncin ko ido zai tsira ba girman raunin ba ne kaɗai. Abu biyu ne: tsawon lokacin da aka ɓata kafin a zo, da abin da aka zuba a idon kafin a zo. Ƙaramar ƙujewar da man ido na kwana 3 zai warkar, ita ce takan dawo bayan mako biyu ta zama gyambo mai mugunya.

Dubawar farko, kafin a taɓa komai

Wannan ya shafi ma'aikacin ƙaramin asibiti da ɗan'uwan da ke gida baki ɗaya, kuma ba ya cin minti 5. Banda wanda sinadari ya shiga wa ido. Shi ba a tsaya masa tambaya, wanki ake farawa.

A tambayi abin da ya faru da lokacin da ya faru. Me yake yi a daidai lokacin? In amsar ita ce “ina dukan ƙarfe da guduma” ko “ina wasa wuƙa a inji”, a ɗauka akwai ɓarɓashin ƙarfe a cikin ƙwayar idon har sai an tabbatar babu. A tambayi abin da aka riga aka sa, ba da faɗa ba, domin in aka tsawata wa mutum sai ya ɓoye.

Sannan a gwada gani, kowane ido shi kaɗai, a rufe ɗayan da tafin hannu ba tare da dannawa ba. In akwai allon gwaji, a tsayar da shi a nisan mita 6. In babu, a ɗaga yatsu a nisan mita 3 ya ƙirga. Ya kasa, a matso mita 1. Ya kasa, a kaɗa hannu gaban fuskarsa. In wannan ma bai gani ba, a haska tocila a tambaye shi ko yana ganin haske, kuma daga wane gefe. A rubuta abin da aka samu, domin da shi likita zai gane ko idon gaba yake yi ko baya.

Daga nan a haska tocila daga gefe a duba abu huɗu. Fatar nan garai-garai da ke rufe da baƙin ido, tana sheƙi ko ta dushe, ko akwai farin tabo? Ɗigon tsakiyar ido, zagayayye ne, yana tsukewa in haske ya taɓa shi, ko ya karkace ya yi tsini? Akwai jini ko mugunya da suka kwanta a ƙasan baƙin ido? Idon yana juyawa ko'ina, ko ya turo waje? Ciwo mai tsanani, raguwar gani, farin tabo, karkataccen ɗigo: ko ɗaya daga cikinsu ya isa a kama hanyar asibitin ido a ranar.

Sinadari a ido: wannan na mintoci ne

Abubuwan da aka fi gani su ne ruwan batir, siminti, farar ƙasa, sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, ruwan wanke ban-ɗaki, bilic, man miƙar da gashi da maganin feshin gona. Jama'a sun fi tsoron ruwan batir, amma siminti da soda da farar ƙasa sun fi shi ɓarna. Asid, irin na ruwan batir, yakan ƙona saman ido, ƙunar ta daskare ta tare masa hanya. Dangin soda kuwa narkar da nama suke yi suna nutsawa, cikin 'yan mintoci sun kai cikin ido, kuma suna ci gaba da ci muddin akwai ragowarsu.

Matakan su ne:

1. A fara zuba ruwa nan take a wurin da abin ya faru. Ruwan famfo, fiya wata, ruwan buta, duk ruwan da za a iya sha ya yi. Neman ruwa na musamman ɓata lokaci ne.
2. A kwantar da mutumin, a karkata kansa ɓangaren idon da ya ƙone, don kada ruwan wankin ya gangara cikin mai lafiyar.
3. Mutum ɗaya ya buɗe fatar idon da yatsu, domin zafi zai sa ya runtse da ƙarfi. Wani ya riƙa zubawa a hankali ba yankewa, daga wajen hanci zuwa wajen kunne.
4. Ya riƙa juya idon sama da ƙasa, dama da hagu, ruwan ya ratsa ko'ina.
5. A ci gaba minti 20 zuwa 30 da agogo. Fiya wata ɗaya rabin lita ce, kuma ana bukatar aƙalla lita 2, sau da yawa fiye da haka.
6. In siminti ne ko farar ƙasa, a juya fatar ido ta sama a share ɓarɓashin da ya maƙale da jiƙaƙƙiyar auduga. Nan aka fi yin kuskure: a wanke sarai, a bar ƙwayar siminti ɗaya a lungu tana ci har wayewar gari.

Kada a ce za a kashe asid da kanwa, ko soda da lemon tsami, ƙuna ce a kan ƙuna. A tafi da mazubin abin ko hotonsa. A asibiti za a ɗiga maganin kashe zafi, a ci gaba da wanki da ruwan gishirin ƙarin ruwa, ana gwada hawayen da 'yar takardar awo har ta nuna tsakanin 7.0 da 7.4, a dakata 'yan mintoci a sake gwadawa. Wani abu mai ruɗi: idon da ya yi jawur bayan ƙuna ya fi wanda ya yi fari fat alamar tsira. Farin yana nufin jijiyoyin jinin da ke kewaye da baƙin ido sun mutu.

Haka ake yi wa wanda maciji mai tsartar da dafi ya tofa wa a ido, abin da manoma da makiyaya suka sani sarai. Wanki da ruwa mai yawa, sannan asibiti a duba ko baƙin idon ya ƙuje. In kuma gam mai kamawa nan take ne aka ɗiga bisa kuskure, kada a ɓamɓare fatar da ƙarfi. A jiƙa da ruwan ɗumi, ma'aikaci ya yanke gashin idon da ya manne. Ma'aikatan haihuwa su kuma su kiyaye da maganin cibiya chlorhexidine mai ƙarfin kashi 7.1 cikin ɗari. Kwalbarsa ta yi kama da ta maganin ido, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an ɗiga wa jarirai shi a ido a wasu ƙasashen Afirka, wasunsu suka makance.

Idon da ya fashe ko ya huje

A yara, tsinken tsintsiya, kara, fensir, waya, danƙon harbin tsuntsu da bulalar da ta kauce. A manya, ƙusa, tsagin itace, fasasshen gilashin mota, ƙahon sa, hatsarin babur da faɗa. Alamun su ne gani ya faɗi nan take, ɗigon tsakiya ya yi tsini yana nuna wajen hujin, wani baƙin abu ko ruwa mai yauƙi ya leƙo, ko idon ya lotsa. Baƙin abin nan ba datti ba ne, naman cikin ido ne ya toshe hujin. Wanda ya sa auduga ya share shi ya janyo cikin idon waje.

A nan dokar ta juye: ba wanki, ba ɗigawa, ba man ido, ba dannawa. In abin da ya soki idon yana nan a kafe, a bar shi. A rufe idon da abu mai tauri wanda ba zai taɓa shi ba. A yanke gindin kofin roba ko gindin gorar ruwa, tsawon kamar gaɓa biyu ta yatsa, a lulluɓe bakin yankan da filasta, a kifa shi ya zauna a kan ƙashin gira da ƙashin kunci, a manne da filasta daga goshi zuwa kunci. Auduga da bandeji a kan fasasshen ido matse shi suke yi.

Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin mai yiwuwa a sa masa maganin barci a yi tiyata, kuma ana bukatar cikinsa ya yi kamar awa 6 babu komai. Ya guji sunkuyo, fyace hanci da yunƙuri. Yaro a rarrashe shi, kada a danne shi don a ga idon, kuka da kokawa suna iya zubar da abin da ya rage. In ƙaramin asibiti aka fara zuwa, a yi masa allurar tetanus, a ba shi maganin hana amai da na kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ko ta baki, a tura shi. Ana so a ɗinke cikin awa 24, domin bayan haka hatsarin ƙwayar cuta ta shiga cikin ido yana ƙaruwa.

Mafi yaudara shi ne ɓarɓashin ƙarfe. Hujin ƙarami ne, yakan rufe kansa, mutum ya ce “ɗan abu ne ya taɓa ni” ya koma bakin aiki. Ƙarfen na ciki, ko dai ya haddasa mugunya cikin kwana 2 zuwa 3, ko ya yi tsatsa ya cinye gani a hankali cikin watanni. Hoton ƙashi ko sikanin CT ne ke nuna shi. Na'urar MRI kam ba a sa irin wannan mutum a cikinta, maganaɗisunta zai motsa ƙarfen. Akwai kuma dalilin da ya sa likita kan ba da shawarar cire idon da ya ragargaje ba ya ganin ko haske: ba kasafai ba dai, amma jiki yakan juya ya kai wa ido mai lafiyar farmaki, makonni ko watanni bayan raunin. Duk wanda ido ɗaya ya taɓa fashe masa, in ɗayan ya fara ja ko gudun haske, ya koma asibiti a ranar.

Duka: naushi, ƙwallo, dutse

Ido na iya zama bai fashe ba amma jini ya taru a gaban baƙinsa. In mutum ya zauna na ɗan lokaci za a ga jinin ya kwanta a ƙasa da layi a miƙe. Ya kwanta da kai a ɗage, matashi biyu ko uku, a sa masa abin kariya irin na sama, ya bar aiki da wasa. Farasitamol kaɗai zai sha. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna hana jini daskarewa, kuma jinin yakan sake ɓallewa tsakanin kwana na 2 da na 5, karo na biyun ya fi na farko muni. Shi ya sa ake cewa a dawo a auna ƙarfin ruwan ido ko da jinin ya fara janyewa.

A ƙasarmu dole a tambayi rukunin jini ta fuskar sikila. Mai sikila, har da mai AS wanda bai taɓa ciwo ba, ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe a cikin ido su toshe magudanar ruwa, kuma jijiyar ganinsa ba ta jure hauhawar da ta wani za ta jure. Maganin acetazolamide da ake rage ƙarfin ido da shi ma yana ƙara lanƙwasa su, don haka a faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.

In bayan duka mutum yana ganin abu bibbiyu, ko ya kasa ɗaga ido sama, ko kuncinsa da leɓensa na sama sun daina jin taɓawa, ƙashin ramin ido ya karye, kada ya fyace hanci. In kuwa idon ya turo waje ya yi tauri, fatar ta ƙi buɗuwa, gani yana tafiya, jini ne ya taru a bayansa, kuma awa ɗaya zuwa biyu kawai ake da su a tsaga gefen fatar a sassauta.

Haki, ƙujewa da gyambon baƙin ido

Wannan rukuni ya fi kowanne cika layi, kuma a nan aka fi asarar idon da bai kamata a rasa ba. Abu ya faɗa, kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta. In har yanzu yana sukar mutum duk ƙiftawa, yawanci yana maƙale ne a ƙarƙashin fatar sama: ya kalli ƙasa, a kama gashin idon, a ɗora tsinken auduga a tsakiyar fatar a juya ta, a ɗauke abin da jiƙaƙƙiyar auduga. Wanda ya kafe a kan baƙin ido kuwa aikin asibiti ne, da maganin kashe zafi da madubin ƙara girma. Lasa da harshe, bakin ashana da allurar ɗinki duk ƙwayar cuta suke shukawa.

Ma'aikaci zai taɓa idon da 'yar takarda mai rini ruwan ɗorawa, ya haska shuɗin haske, duk inda ya ƙuje ya fito kore shar. In ƙujewa ce kawai, man ido na chloramphenicol ko tetracycline sau 3 a yini na kwana 3 yakan wadatar, da sharaɗin an fara cikin kwana 2 na farko. In aka wuce haka, ko ba a sa komai ba, ƙwayar cuta na iya kama wurin.

Alamar gyambo ita ce farin tabo a kan baƙin ido tare da ciwo, hawaye da gudun haske, wani lokaci da farar mugunya kwance a ƙasa. Na bakteriya gudu gare shi, yana iya huda ido cikin 'yan kwanaki, kuma ana ɗiga masa magani irin su ciprofloxacin duk awa ɗaya, dare da rana, a kwanakin farko. Ɗigo sau 3 a yini ba ya taɓa shi. Wanda ya biyo bayan raunin kara, ganye ko ƙaiƙayi kuwa sau da yawa naman gwari ne. Shi a hankali yake ci, gefensa kamar gashin tsuntsu, maganin bakteriya ba ya yi masa komai. Natamycin mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ake ba shi, na makonni, kuma ba kowane kemis ke da shi ba. Saboda haka ne likita kan kankari wurin a duba a na'ura kafin a tsayar da magani. Ko an ci nasara yakan bar hakiya, kuma in a tsakiya take, ganin ya ragu ke nan.

Abin da aka zuba kafin a zo

Nonon mace, ruwan sukari, ruwan albasa, ruwan ganye, garin magani, fitsari, har ruwan batir da aka sirka, duk ana ganinsu. Ganye da gari suna ɗauke da naman gwari. Sukari abinci ne ga ƙwayar cuta. Fitsarin mai ciwon sanyi yana iya narkar da idanu biyu cikin 'yan kwanaki.

Amma wanda ya fi yawa yanzu daga kemis yake fitowa. Duk kwalbar da aka rubuta dexamethasone, betamethasone, prednisolone ko hydrocortisone a jikinta, ko da an haɗa da wani maganin, ba a sa ta sai likitan ido ya duba. Tana kashe ja da zafi cikin yini guda, mutum ya yaba wa mai kemis, alhali ta kwance wa idon makamansa ne. In akwai gyambo sai ya faɗaɗa ya huje. In aka daɗe ana sawa, kamar yadda ake yi wa yara masu ƙaiƙayin ido da idonsu ya koma ruwan ƙasa, tana haddasa hawan jinin ido da yana. Maganin kashe zafi na ɗigawa ma ba na kaiwa gida ba ne, yana hana ƙujewa warkewa.

Jarirai da ƙananan yara

Jaririn da bai kai kwana 28 ba, idonsa ya kumbura yana zubar da kwantsa mai kauri, a kai shi a ranar, ko da ba a yi suna ba. Wanda ya fara tsakanin kwana na 2 da na 5 da mugunya mai yawa, wadda ana sharewa tana dawowa, yawanci ƙwayar ciwon sanyi ce da ya ɗauka wajen haihuwa, kuma tana iya huda baƙin ido cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ɗigo kaɗai ba ya maganinta. Allurar ceftriaxone ake yi sau ɗaya, miligiram 50 ga kowane kilo na nauyinsa bisa iyakar da likita zai tsayar, ana kuma wanke idon da ruwan gishiri akai-akai. Wanda ya fara daga kwana na 5 zuwa na 14 wata ƙwayar ce, maganin sha ake ba shi. A duka biyun sai an yi wa uwa da uba magani. Rigakafinsa man tetracycline ne a idanu biyu da zarar an haihu, abin da haihuwar gida kan tsallake.

Yaro mai ƙyanda ko tamowa da ya runtse ido ya ƙi buɗewa, a buɗe a hankali a duba. Ƙyanda tana cinye bitamin A na jiki, baƙin ido ya bushe, ya dushe, ya narke. Dundumi shi ne gargaɗin farko. Ana ba da bitamin A nan take: awo 50,000 ga wanda bai kai wata 6 ba, 100,000 daga wata 6 zuwa 11, 200,000 daga shekara 1 zuwa sama. A maimaita washegari, in akwai alamar ido a sake bayan mako 2.

Kumburin fatar ido da zazzaɓi, ido ya turo, juya shi na ciwo, ba hazbiya ba ce. Ƙwayar cuta ce ta shiga ramin ido, galibi daga kogon hanci, kuma tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, sai an kwantar an yi allurai. Ɗigon tsakiyar idon yaro kuma in ya yi fari ko yana ƙyalli da dare ko a hoto, ko da babu ciwo, a kai shi cikin makon. Yana iya zama yana, yana iya zama sankarar ido, wadda ke kisa in ta fita daga ƙwayar.

Ciwo mai tsanani ba tare da rauni ba

Ƙarfin ruwan ido na lafiya tsakanin 10 ne da 21 a ma'auni. In magudanar ruwan ta toshe farat ɗaya yakan haura 50, wannan shi ne hawan jinin ido na farat ɗaya. Idon ya yi ja, baƙinsa ya yi hazo, ɗigon tsakiya ya buɗe ya ƙi motsi, mutum yana ganin bakan gizo kewaye da fitila, ga ciwon rabin kai da amai. Aman nan ne ke sa a yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro ko taifot har kwana 3, alhali jijiyar gani tana mutuwa. A asibiti ana ba da acetazolamide miligiram 500 da ɗigon timolol, sai dai mai asma ba a sa masa timolol. In ƙarfin ya sauka a huda 'yar ƙofa da hasken lesa, har a ɗaya idon.

A yankinmu hawan jinin ido da ya fi yawa shi ne mai cin gani shiru ba ciwo. Na farat ɗayan da ake gani sau da yawa daga yanar da aka bari ta wuce nuna yake, ta kumbura ko ta yoyo a cikin ido. Maganinsa a sauke ƙarfin a cire yanar. Sai kuma waɗanda masu yawo ƙauye-ƙauye suka tura wa yana cikin ido da tsinke. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kusan rabin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana ta wannan hanyar aka yi su, kuma akasarinsu sun ƙare ba gani. Da farko mutum yakan ga haske ya yi murna, sannan kumburi, hawan jinin ido ko mugunya su biyo.

Wanda aka yi wa tiyatar ido a asibiti ko a sansanin aikin ido kyauta, in ciwo yana ƙaruwa gani yana raguwa, musamman a makon farko, kada ya jira ranar da aka rubuta masa. Mugunyar cikin ido ce ake tsoro, kuma allura ake yi mata a cikin ƙwayar idon a ranar.

Gani ya ɗauke, babu ciwo, babu ja

Rashin ciwon ne ke sa a yi sakaci. In ido ɗaya ya yi duhu ɗif cikin daƙiƙoƙi, musamman ga mai hawan jini, ciwon sukari ko ciwon zuciya, jijiyar jinin da ke ciyar da shimfiɗar gani ta bayan ido ce ta toshe. Dangin shanyewar ɓarin jiki ne, kuma 'yan awanni ne ake da su, ba sa wuce 4 da rabi ga maganin narkar da gudan jini. Ko ganin ya dawo da kansa bayan 'yan mintoci a je babban asibiti, domin gargaɗi ne cewa ƙwaƙwalwa na iya biyo baya.

Walƙiya a gefen ido, baƙaƙen ɗigo masu yawo da suka ƙaru farat ɗaya, sannan inuwa tana tasowa daga gefe guda: shimfiɗar ce ta yage tana ɓallewa. Ya fi samun masu tabarau mai kauri na rashin ganin nesa, da wanda aka taɓa duka a ido ko aka yi masa aikin yana. In an kama yagewar da wuri, lesa ta isa. In ta ɓalle amma ba ta kai tsakiya ba, ana so a yi tiyata cikin kwana ɗaya. Masu wannan aiki ba su da yawa, sai manyan cibiyoyi, don haka a tambaya tun a asibitin farko ina za a dosa. Hazo ja ko baƙi da ya cika ido ga mai ciwon sukari ko mai rukunin jinin SC, wani nau'in sikila, kuwa jini ne ya zuba a ciki, ya kwana da kai a ɗage ya je a duba.

Masu tayar da hankali amma ba su cika makantarwa ba

Afolo, wadda ta fara ɓulla a Ghana a 1969, takan zo annoba: idanu biyu jawur, hawaye, kumburi, amma gani lafiya lau in an share. Takan wuce cikin mako 1 zuwa 2. Wanke hannu, raba tawul da matashi, da danna tsumma mai sanyi sun isa, kuma mafi yawan ɓarnar da ake gani lokacinta daga abin da aka zuba ne. In ido ɗaya ne kawai, ko gani ya ragu, ko mugunya ta yi yawa, kada a kira shi afolo sai an duba.

Mai walda da ya yi aiki ba gilashin kariya, ko yaron shagon da ya tsaya kallo, ciwon kan tashe shi da tsakar dare, awa 6 zuwa 12 bayan aikin, kamar an zuba masa yashi. Hasken ne ya ƙona saman idon, kuma yakan warke cikin kwana 1 zuwa 2 da man ido, farasitamol da zama a inuwa. In ya wuce haka ko ido ɗaya ne, a nemi ɓarɓashi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare wannan haske. Jan jini a kan farin ido bayan tari ko yunƙuri, ba ciwo ba raguwar gani, yakan baje da kansa cikin mako 2, a dai auna hawan jini.

Kafin a kama hanya

A tafi da duk kwalbar da aka ɗiga da duk abin da aka sa, har na gargajiya, da magungunan da mutum ke sha, da katin asibiti da tabaransa. Mai ciwon kada ya tuƙa mota ko babur, ido ɗaya ba ya auna nisa daidai. Ma'aikacin da ke turawa ya rubuta lokacin da abin ya faru, ganin kowane ido, maganin da ya bayar da ƙarfe nawa, da lokacin da mutumin ya ci abinci na ƙarshe. In da hali ya buga waya can, domin ba kullum ake samun mai ɗinkin ido da mai sa barci a lokaci guda ba, musamman Asabar da Lahadi. Da an isa, a faɗa wa na bakin ƙofa kai tsaye cewa sinadari ne, ko ido ya fashe, ko gani ya ɗauke yau, domin waɗannan ba sa bin layin yankar kati.